Kalmomin Turanci masu kama da juna a kunne: yadda ake raba su

"Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri shekara biyu da suka wuce, yanzu ina aikin sakatare a wani ofis, ni ke rubuta wasiƙu da bayanan taro. Turancin yau da kullum bai dame ni ba. Abin da ke ba ni wahala shi ne wasu kalmomi da ba a cika amfani da su ba, waɗanda in na ji su sai in ji kamar abu ɗaya ne, irin su *prescribe* da *proscribe*, *eminent* da *imminent*, *militate* da *mitigate*, *appraise* da *apprise*, *ordinance* da *ordnance*. Kwanan baya maigidana ya dawo mini da takarda saboda na rubuta *mitigate against*. Na sha haddace jerin irin waɗannan kalmomi, amma bayan mako guda sai su sake cakuɗe mini. Mene ne bambancinsu, kuma akwai hanyar riƙe su ba tare da hadda ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka kashi biyu ce: ma'anar waɗannan kalmomi, da kuma yadda za su zauna a kai. Kashi na biyu ya fi nauyi, domin ma'ana kam kowane ƙamus zai ba ka, amma kalmomi masu irin wannan kama sun fi ƙarfin a ƙirga su a zama ɗaya, kuma gobe za ka ci karo da wasu da ba su cikin jerin da ka haddace.

Dalilin da ya sa haddar ba ta yi maka aiki shi ne kana ajiye kalmomin biyu kafaɗa da kafaɗa. Duk lokacin da ka maimaita su tare, ƙara ɗaure su kake yi a ƙwaƙwalwarka, har ya zama in ka kira ɗaya sai ɗayar ta biyo ta. Abin da ya kamata shi ne kowace kalma ta samu gidanta daban. Ana samun haka ta hanyar duba abubuwa huɗu: yadda aka gina kalmar, aikin da take yi a jimla, kalmomin da suke yi mata rakiya, da kuma gaɓar da ake danna murya a kanta.

## Daga ina wannan cunkoso ya fito

Kusan duk kalmomin da ka lissafo ba asalin Turanci ba ne, aro ne. A shekarar 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, kuma kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu. Kalmomi dubbai suka shigo ta wannan ƙofa. Daga baya, a ƙarni na 16 da na 17, malaman Ingila suka riƙa ɗauko kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci don rubutun ilimi, addini da shari'a. Shi ya sa wani lokaci saiwa ɗaya ta Latin ta shigo sau biyu, sau ɗaya ta hannun Faransawa, sau ɗaya ta hannun malamai, kowace da tata ma'anar. Ga kuma maɗaba'a da William Caxton ya kafa a Westminster a 1476, wadda ta fara daskarar da rubutu a daidai lokacin da furucin wasulan Turanci ke ta sauyawa. Rubutu ya tsaya, baki ya ci gaba da tafiya.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta Turanci da Hausa ba ta da ita. Bature yana danna gaɓa ɗaya a kalma, sauran gaɓoɓin sai ya sassauta wasalinsu har ya koma wani ɗan sauti maras kama, tsakanin a da e. To, bambancin kalmomi da yawa yana cikin gaɓar da aka sassauta ɗin. A bakin mutumin Ingila, gaɓar farko ta *prescribe* da ta *proscribe* duk a sassauce suke, nauyin yana kan gaɓa ta biyu. Don haka ba kunnenka ne ke da matsala ba, su kansu masu harshen suna faɗawa wannan rami.

## Fara da goshin kalma

Mafi yawan waɗannan kalmomi saiwa ce, wato tushen kalma, da ɗafa-goshi, wato ɗan guntun da ake liƙa mata a gaba. In ka san ɗafa-goshi kamar goma sha biyar na Latin da Girkanci, ka rage wa kanka rabin aiki.

Ɗauki *prescribe* da *proscribe*. Saiwarsu ɗaya, *scribere*, wato rubutu. *Pre* na nufin tun kafin, don haka *prescribe* shi ne a rubuta tun da wuri abin da za a bi. Likita ya rubuta magani, hukumar jarrabawa ta ƙayyade littattafan da za a karanta, doka ta faɗi kuɗin da za a biya ko fom ɗin da za a cike: duk wannan kalmar ce. A takardun ofis za ka yi ta ganin *the prescribed fee* da *in the prescribed form*. Shi kuwa *pro* a nan yana nufin a gaban jama'a, kuma tarihinsa ne zai riƙe maka ma'anar. A tsohuwar daular Rum, a shekara ta 82 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai mulki Sulla ya riƙa kafa allunan sunayen abokan gabarsa a dandalin birni. Duk wanda sunansa ya fito, doka ta janye kariyarta daga kansa, ana iya kashe shi a ƙwace dukiyarsa. An sake yin haka a shekara ta 43 kafin haihuwar tasa, a nan ne aka kashe Cicero, shahararren ɗan siyasar Rum. Daga wannan rubutu na bainar jama'a kalmar ta ɗauki ma'anar haramtawa. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta haramta Boko Haram da Ansaru a watan Yunin 2013, jaridun Turanci *proscribe* suka yi amfani da ita. Ka ga ke nan harafi ɗaya ya juya ma'ana gaba ɗaya: *prescribed books* littattafan da dole ɗalibi ya karanta, *proscribed books* waɗanda aka hana shi taɓawa. A cikin duk kalmomin da ka tambaya, waɗannan biyun na fi so ka kiyaye, saboda kuskure a kansu ba ya sa jimla ta lalace. Jimlar za ta fito sumul, sai dai ta faɗi kishiyar abin da kake nufi, mai karatu kuma ba shi da yadda zai gane.

Haka *persecute* da *prosecute*, saiwarsu bin sawu ce. Ta farko tsangwama da zalunci, musamman saboda addini, ƙabila ko ra'ayi. Ta biyu gurfanarwa gaban kotu, aikin lauyan gwamnati ko ɗan sanda mai gabatar da ƙara.

Yanzu ga wani abu da zai buɗe maka ƙofofi da yawa. Ɗafa-goshin da ya ƙare da baƙi yakan narke cikin baƙin da ya biyo shi, kamar yadda nunun da ke da sukun ke shigewa cikin lamun ko mimun a idgamin tajwidi, ko ya koma mimun a gaban ba'un. *In* da *licit* suka zama *illicit*, *in* da *possible* suka zama *impossible*, *in* da *regular* suka zama *irregular*. Haka *ad* ke komawa *ap*, *al* ko *ar*. Shi kuma *ex*, mai nufin fita waje, sau da yawa yakan yar da baƙinsa ya bar *e* kaɗai. Saboda haka in ka ga baƙi biyu iri ɗaya bayan wasalin farko, akwai ɗafa-goshin da ya narke a wurin. In ka ga *e* da baƙi guda, galibi fita ake nufi.

Gwada wannan a kan *elicit* da *illicit*, waɗanda furucinsu ɗaya ne sak. *Elicit* aikatau ne: a zaƙulo amsa ko bayani daga bakin mutum, kamar yadda malami ke yi da tambayoyi, ko mai bincike da takardar tambayoyinsa. *Illicit* siffa ce, *in* na korewa da saiwar da ta ba mu *licence*, wato abin da ba a yarje ba. Hukumar NDLEA kullum tana maganar *illicit drugs*. Ko da ka manta asalinsu, aikinsu a jimla zai raba maka su: in kalmar na buƙatar mai aikatawa, ta *e* ce, in tana bayyana wani suna, ta *ill* ce.

*Eminent* mai *e* ita ce wadda ta fito ta yi sama da saura, wato fitaccen mutum mai daraja. Da ita ake yi wa Sarkin Musulmi laƙabi a Turance, *His Eminence*. *Imminent* kuwa asalinta abin da ya rataya a kan mutum yana shirin faɗowa, don haka tana nufin abin da ke dab da faruwa, kuma yawanci abin tsoro ne: ambaliya, hari, rushewar gini. Mutane ake kira *eminent*, aukuwa ake kira *imminent*. Akwai ta uku, *immanent*, daga saiwar zama ko wanzuwa, mai nufin abin da ke tattare a cikin wani abu ba ya rabuwa da shi. Sai a littattafan falsafa da na tauhidin Kirista za ka fi ganinta, da wuya ka buƙace ta a wasiƙar ofis.

*Abrogate* da *arrogate* ma haka suke. *Ab* nesantawa ce, don haka ta farko soke doka ko yarjejeniya. Masu fassara ilimin Alƙur'ani zuwa Turanci da *abrogation* suke fassara nasakhi, in ka tuna nasikhi da mansukhi ka riƙe ta. Ta biyu *ad* ce ta narke, jawowa wajen kai: mutum ya ɗora wa kansa ikon da ba nasa ba, kuma kusan kullum tana zuwa da *to himself* ko *to itself*. 'Yar gida ɗaya ce da *arrogant*, mai girman kai.

A fannin lafiya wannan batu ya wuce gyaran rubutu. *Hyper* wuce kima, *hypo* gazawa. *Hypertension* hawan jini, *hypotension* faɗuwarsa. *Hypoglycaemia* ita ce sukarin jini ya sauka ƙasa da miligram 70 a kowace desilita, mai ita yana bukatar abu mai zaƙi nan take, alhali mai *hyperglycaemia* sukarin ne ya yi masa yawa. A bakin mutumin Ingila, wanda ba ya furta *r* a ƙarshen gaɓa, kalmomin biyu kusan ɗaya suke. Haka *ante*, kafin, da *anti*, gaba da: *antenatal* awon ciki ne kafin haihuwa. *Inter* tsakanin abubuwa, *intra* cikin abu guda.

Sai dai akwai tarko ɗaya. *In* iri biyu ne a Latin, na korewa da na shiga ciki. Rubutun da ke bayan tankar mai, *highly inflammable*, ba yana cewa man ba ya kama wuta ba ne. Daga *inflame* kalmar ta fito, kunna wuta a cikin abu, ma'anarta ɗaya da *flammable*. Kishiyarsu *non-flammable*. Haka *invaluable* na nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi.

## Inda saiwar ce ta bambanta

Mu zo kan takardar da aka dawo maka da ita. Maigidanka yana da gaskiya. *Mitigate* daga *mitis* take, mai laushi, kuma tana nufin rage zafin abu ko tsananinsa. Tana cin karɓau kai tsaye, ba ta neman wata kalma a tsakani: *measures to mitigate the effects of flooding*. A kotu, *mitigating circumstances* su ne dalilan da za su sa alƙali ya sassauta hukunci bayan an tabbatar da laifi, kamar ƙuruciya ko cewa wannan ne karon farko. *Militate* kuwa daga *miles* take, soja, 'yar uwar *military*. Tana nufin wani yanayi ya zama cikas ga wani abu, kamar yana yaƙarsa, kuma ita ce mai tafiya da *against*: *poor funding militates against research*. Duk wanda ya yi jami'a a Najeriya ya ga kundin digiri mai take da ya fara da *Factors militating against*, wannan amfani daidai ne.

Ka lura da wani bambanci kuma: mai yin *mitigate* yawanci mutum ne ko wani mataki da aka ɗauka da niyya, abin da ake yi wa kuma mummuna ne. Mai yin *militate* yanayi ne, kamar talauci, rashin hanya ko ƙarancin ma'aikata, abin da yake tarewa kuma mai kyau ne. Za ka ga *mitigate against* a jaridu, har da na Amurka, wasu ƙamusoshi ma sun ambaci cewa mutane na faɗin haka. Duk da haka masu gyaran rubutu da masu duba jarrabawa kuskure suke ɗaukarsa, don haka ka bar shi.

*Appraise* tana da dangantaka da *price* da *praise*: a ƙiyasta darajar abu ko a auna ƙwazon ma'aikaci, kamar fom ɗin da shugaba ke cike wa na ƙasa da shi a ƙarshen shekara. *Apprise* daga Faransanci take, sanar da mutum, kuma tana zuwa da *of*: *apprise the chairman of the situation*. Mutum ake yi wa *apprise* game da wani abu. In ka rubuta *I appraised the chairman*, ka ce kai ne ka auna aikin shugaban, abin da ba sakatare ke yi ba. Furucinsu ma ya bambanta, ta farko tana ƙarewa kamar *praise*, ta biyu kamar *prize*.

A *deprecate* da *depreciate* ƙirga gaɓoɓi ya isa. Ta farko gaɓa uku, nauyi a ta farko, saiwarta roƙo ce, kuma tana nufin nuna rashin amincewa da abu. Masu rubuta manhajar kwamfuta suna cewa wani umarni ya zama *deprecated* in har yanzu yana aiki amma an shawarci a daina amfani da shi. Ta biyu gaɓa huɗu, nauyi a ta biyu, saiwarta farashi ce: naira ta faɗi, mota ta rage daraja, akanta ya cire wani kaso daga kuɗin kayan aiki duk shekara.

*Venal* da *venial* wasali ɗaya ya raba su, amma nisan ma'anarsu babba ne. *Venal* 'yar uwar *vendor* ce, mai sayarwa: jami'in da ake saye da kuɗi, maciyin hanci. *Venial* daga kalmar yafiya take, laifin da bai kai ya kawo ba. A koyarwar Katolika ita ce sunan ƙananan zunubai, kishiyar *mortal*, wato manyan zunubai. Kiran alƙali *venal* zargi ne mai nauyi da zai iya kai mutum kotu.

*Ingenious* mai basira da dabara, daga saiwar da ta ba mu injin da injiniya. *Ingenuous* mai farar zuciya, wanda ba ya ɓoye komai, har ya kan kai ga a cuce shi. An fi jin kishiyarta, *disingenuous*, wanda ke nuna kamar bai sani ba alhali ya sani.

## Abin da bakinmu ke ƙarawa

Wasu kalmomin a bakin Bature a rarrabe suke, a namu ne suke haɗuwa, kuma sanin dalilin yana taimakawa. Hausa ba ta son baƙaƙe su taru ba wasali, shi ya sa muka ce burodi da asibiti. Da Bahaushe ya zo kan *ordnance*, inda *r*, *d* da *n* suka jeru, sai harshensa ya cusa wasali, kalmar ta koma *ordinance*. To *ordinance* doka ce. Dokokin zamanin Turawa haka ake kiransu, irin *Native Authority Ordinance* ta 1916 da ta tsara En'e, a Amurka kuma har yau sunan dokokin birane ke nan. *Ordnance* makamai ne, manyan bindigogi da albarusai da bama-bamai. Sashen 'yan sanda masu kwance bam, EOD, harafin tsakiyar sunansu wannan kalma ce. A asali kalma ɗaya ce ta rabu biyu, amma yau ba mai musanya su.

Wani lokacin kuma maimakon cusa wasali sai mu yar da baƙi. *Prostrate* mai *r* biyu faɗuwa ƙasa ce rub da ciki, da ita ake fassara sujada. *Prostate* mai *r* ɗaya wani ɗan ƙulli ne a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye hanyar fitsari, shi ne ke kumbura wa dattawa ya hana su fitsari. A nan kuskuren ya fi zuwa ta ɗaya ɓangaren, mutane su ƙara *r* a sunan ciwon.

Hausa kuma ba ta raba *p* da *f*, ba ta da *v*. Saboda haka *refute*, ƙaryata magana da hujja, da *repute*, suna ko shuhura, suna iya fita iri ɗaya, haka *revel* da *rebel*. Maganinsa a leɓe yake: *p* leɓe biyu ke haɗuwa su rufe iska sannan su sake ta, *f* da *v* kuwa haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa iska na fita. Tsaya gaban madubi ka duba, in haƙoranka ba su fito ba, ba *f* ka yi ba. Wanda bakinsa ya raba sautuka biyu, da wuya hannunsa ya haɗa su a rubutu.

*Censor* da *censure* sauti ɗaya ya raba su, *s* da *sh*. Ta farko tace littafi ko fim kafin ya fita, aikin da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ke yi tun 2001. Ta biyu tsawatarwa a hukumance, kamar majalisa ta yi tir da wani jami'i. Sai *corps* na masu yi wa ƙasa hidima da jami'an kiyaye haɗurra, wadda ba a furta *p* da *s* ɗinta, ana cewa *ko* da jan wasali. In ka furta su, *corpse* ka faɗa, gawa.

## Inda wannan hanya ba ta kai ba

Binciken asali ba ya warware komai. *Discreet* da *discrete* kalma ɗaya ce ta Latin, furuci ɗaya, rubutu ne kawai ya raba su. Ta farko mai riƙe sirri da taka-tsantsan, siffar da ake so ga sakatare. Ta biyu abubuwa daban-daban da ba su haɗe ba, kalmar lissafi da kididdiga. A nan dole sai da 'yar dabara: a *discrete* harafin *t* ya shiga tsakanin *e* biyu ya raba su. *Complacent* da *complaisant* su ma uwa ɗaya ce: ta farko wanda ya gamsu da kansa ya saki jiki har sakaci ya shigo, ta biyu mai saurin biye wa son ran wasu, kuma ta fara tsufa.

*Flaunt* da *flout* asalinsu bai taimaka da komai ba, sai dai rakiyarsu. Dukiya, ado da kyau ake *flaunt*, wato a yi fariya da su. Doka, umarnin kotu da ƙa'ida ake *flout*, wato a take su da gangan a fili. Haka *turbid* na ruwan da ya gurɓace da laka, *turgid* na abin da ya kumbura ko rubutu mai cika baki, *torpid* na kasala.

Ka kuma sani cewa asalin kalma hanya ce ta tunawa, ba hujjar ma'ana ba. Ma'ana tana tafiya da zamani, abin da ƙamus na yau ya ce shi ne abin bi. Furucin Ingila da na Amurka ma sukan saɓa: Ba'amurke yana fito da *o* na *proscribe* da *r* na *hyper* fili, don haka wasu kalmomin sun fi sauƙin rabewa a bakinsa.

## Yadda za ka yi a aikace

Nemi ƙamus na masu koyon Turanci, irin na Oxford, Longman ko Cambridge, duk suna intanet kyauta. Na fi son su a kan ƙamus mai fassara kalma da kalma, saboda suna nuna abubuwa ukun da kake bukata: ajin kalma, ƙaramar kalmar da ke biyo ta, da jimlolin misali. Danna alamar lasifika ka saurari furucin, ka maimaita da ƙarfi, ka ja layi a ƙarƙashin gaɓar da aka danna.

Samu littafin rubutu, kowace kalma da shafinta, kada ka sa abokiyar rikicinta a shafi ɗaya. Ka koyi ɗaya yau, ɗayar bayan kwana uku ko huɗu. A shafin ka rubuta kalmar tare da rakiyarta, ba ita kaɗai ba: *apprise somebody of*, *militate against*, *imminent danger*, *flout an order*, *averse to*, *adverse effect*. Ka kwafo jimloli biyu daga jarida ko takardar aiki, ka ƙirƙiri ta uku a kan ofishinku. Ka koma kan shafin washegari, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Kalma biyar a mako ta isa. A rubuce-rubucen ɗalibai da ma'aikata da nake dubawa, kuskuren kowane mutum yana zagaye ne a kan wasu 'yan kalmomi nasa na kansa, don haka fara da waɗanda aka taɓa gyara maka, kada ka ɗauko jerin ɗari daga intanet.

Kada ka dogara da jan layin da kwamfuta ke yi. Tana kama kalmar da babu ita ne, su kuwa waɗannan duka kalmomi ne na gaskiya, sau da yawa za ta bar su su wuce. Kafin ka miƙa takarda, danna Ctrl da F ka nemi kalmomin da ka san suna ruɗa ka, ka yi wa kowace gwajin musanya: cire ta ka sa kalma mai sauƙi a gurbinta. *Reduce* a gurbin *mitigate*, *work against* a gurbin *militate against*, *inform* a gurbin *apprise*, *assess* a gurbin *appraise*, *ban* a gurbin *proscribe*, *about to happen* a gurbin *imminent*. Da ka gwada *reduce against* a takardarka ta kwanaki, nan take kunnenka zai ƙi ta.

In mai sauƙin ta zauna daidai, a wasiƙa da bayanan taro sau da yawa gara ka bar ta a wurin, domin masu karanta takardar ba duka ne suka san *apprise* ba. Inda ba a musanyawa shi ne in kana kawo nassin doka, sharaɗin kwangila, hukuncin kotu ko rahoton likita. A can sai ka kwafo kalmar yadda take a asalin takardar, harafi bayan harafi, sannan ka sa wani ya riƙe asalin kai kana karanta naka da ƙarfi.